Sai Citta

Ni ba matafiyi ba ne, duk wanda ya san ni a Kafanchan zai ba da shaida. Ko kasuwar Kagoro aka aike ni, tun rana na sama nake juyowa, don kada tuwon matata Saratu ya huce ban iso ba. Sunana Ishaya, sana'ata wanki da guga a gidajen Turawan jirgin ƙasa. Amma sau ɗaya a rayuwata ƙafa ta kai ni inda ba ta da dangi, can cikin duwatsun Asben, ƙasar Faransa ta wancan lokaci, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai.

Wanki ne ya kai ni. Wani Baturen Faransa ya sauka a gidan maigidana injiniya, ya zo kallon kawunan yumɓun nan da masu haƙar kuza ke tonowa wajen Nok. Ya ba ni wata tsohuwar rigarsa da ta kusa zama saƙar gizo, na wanke ta tas ban yaga ko zare ɗaya ba. Sai ya kama hannuna yana jujjuyawa kamar mai tayin akuya. Maigidana ya ce, "Ishaya, mai wanki yake nema, mai taushin hannu, wata uku." Na ce rigunansa nawa ne haka? Suka yi dariya su biyu. Na ɗauki dutsen gugana da igiyar shanya. Saratu ta cika mini jakar tsumma da busasshiyar citta ta gonarmu, ta ce ba a shiga ƙasar mutane ba maganin ciki.

A Damagaram na fara sanin na bar gida. Muna sauka daga mota wani ɗan sanda ya ƙame wa Baturena, ya ce, "Sannu da zuwa, Mushe." Na ce a raina, kai, wannan ƙasa ba kunya! Mutum da ransa, yana tafiya da ƙafafunsa, a kira shi mushe, shi kuwa har da murmushi. Daga baya aka ce mini haka ake kiran kowane Bature a can, wai girmamawa ce. Kwana uku bakina ya ƙi ɗauka, Masta nake ce masa. A na huɗu na bi sahun jama'a, amma duk lokacin da na faɗa sai na ji kamar warin abin a hancina.

A garin ne kuma aka yi mini ta farko. Ina zaune a ƙofar masauki ina kallon mutanen da ba wanda ya san uwata a cikinsu, sai wani mai farar riga ya tsaya.

"Ɗan'uwa, wannan Hausar taka ta ƙasar Ingilishi ce. Wane gari?"

"Kafanchan."

"Kafanchan! Famfon loko, inda kan jirgi ke shan ruwa, yana nan yana zubar da ruwa? Gurgun nan mai tsire na bakin tasha fa, yana da rai?"

Na miƙe na riƙe shi da hannu biyu. Muka daɗe muna hira, ko in ce na daɗe ina zuba yana gyaɗa kai. Da ya ji Agadas za mu, sai ya rage murya, ya ce sojojin da ke Tanut suna ƙwace duk wani ƙarfe mai nauyi, har su ɗaure mai shi. In ina da irin wannan, in bar masa ajiya, in na dawo in karɓa. Na shiga na ɗauko dutsen gugana na ba shi, har da godiya. Muka wuce Tanut ba wanda ya ko buɗe jakata. Direbanmu da ya ji labari ya yi dariya har ya kusa sakin sitiyari. Ya ce, "Mai guga, yau kai aka goge." Na juya fuska na yi kukana. Dutsen tsoho ne, hannunsa ma da waya na ɗaure. Abin da ya ci ni shi ne da sunan tasharmu aka yanka ni.

Daga Agadas mota ba ta da sauran magana, sai raƙumi. Can Mushe ya ɗauki ja-gaba, wani Buzu dogo mai suna Agali, ido kawai ake gani a cikin rawaninsa. Raƙumansa biyar. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan Ingilishi, ka taɓa hawa raƙumi?"

"Na taɓa hawa jirgin ƙasa," na ce, "wanda ya fi raƙumanka duka tsawo."

"Jirgin naka yana kwana goma bai sha ruwa ba?"

Nan ya ci ni, don na san mashayi irin kan jirgi babu, kullum yana loko da baki buɗe.

Daga nan muka zama abokan tsokana. Ni Hausa a kasuwa da coci na koye ta, a gida yarenmu muke yi. Shi ma ba da ita aka yaye shi ba. Yakan ce ina mayar da mace namiji, wai in ce "matana ya ce". Ni kuma in kwaikwayi muryarsa, ta can cikin maƙogwaro, har raƙuma su waiwayo. Ubangiji ya ba ni kunne. Muryar da na ji sau ɗaya na riƙe ta ke nan, da hawanta da saukarta. Makaranta ban yi nisa ba, da kunnen nan nake taƙama.

Kwana uku a kan raƙumi cinyoyina suka saɓule, ina sauka ina tafiya kamar agwagwa. Agali bai yi dariya ba wannan karon. Ya ba ni man shanu in shafa, ya naɗe bargonsa ya shimfiɗa mini a kan sirdi, shi ya riƙa kwana da rigar jikinsa. Ba ni da abin rama alheri sai cittar Saratu. Na daka yatsa ɗaya na jefa masa a butar shayi. Ya kurɓa, ya yi tari, idanunsa suka kawo ruwa, ya miƙo kofi ya ce, "Ƙaro." Tun daga ranar, kullum da safe kafin ya hura wuta sai na ji, "Ɗan Ingilishi, citta!"

A kwana na tara muka shiga wani kwari tsakanin duwatsu baƙaƙe kamar an ƙone su. Mushe ya diro daga raƙumi tun bai gama durƙusawa ba, ya ruga yana ihu. Na bi shi, a zatona maciji ne. Sai ga saniya a jikin dutse. An sassaƙa ta ne da layi mai zurfi, yatsana yana shiga. Ƙahoninta sak na shanun Fulanin da ke sauka bayan gonarmu in an cire dawa.

"Ishaya," ya ce da 'yar Hausarsa, "wanke."

"Me zan wanke, Mushe?"

Ya nuna saniyar.

Ga aikin da na bar matata na zo yi. Da farko in sa soso da ruwa in fitar da yashi da kashin tsuntsu daga kowane layi. Sannan in jiƙa wata takarda mai kauri a cikin daro har ta yi laushi kamar dafaffen ganyen kabewa, in ɗauko ta da hannu biyu in manna a dutsen, in riƙa bugunta da buroshi har ta shige kowane lungu. Ka buga da ƙarfi ta yage, ka yi sanyin hannu ta ƙi ɗauka. In rana ta busar da ita a ɓare, sai ga saniya ta fito a takarda, a kumbure kamar tsagar fuska. In na ƙara ƙarfi Mushe ya ce, "Dusuma, dusuma." In yana son ƙarin ruwa ya ce, "Dilo, ankor." Ba a yi mako ba na iya faɗinsu da muryarsa.

Dutsen nan cike yake da dabbobi: shanu, jimina, giwa, mutane masu mashi da manyan kawuna. Agali ya ce mutanen da ne suka yi, tun dutse yana da taushi. Mushe ya ce a lokacinsu nan duk ciyawa ce da rafuka. Ya nuna mini hotunan irinsu daga wasu ƙasashen da ya je, dawakai a cikin kogon ƙasarsu, barewa a can kudancin ƙasar baƙar fata, ya ce ba inda kakannin mutane ba su bar hannunsu a dutse ba. Ban damu da zancen ba sai ranar da na wanke dorina. Dorina, a wurin da kaza ba za ta samu na kurɓa ba! Na daɗe tsaye da soso a hannu, tsoro ya kama ni. Ashe ruwa ma yana tashi ya bar gari kamar baƙo.

Agali ya tsani aikin nan. Ran da ya ga na juye daro guda a jikin jimina, ya je ya tsaya gaban Mushe, ya ce ruwan da raƙumi ya ɗauko a bayansa wuni guda ba a ba dutse. Mushe ya ce shi ya ɗauke shi aiki, ba shi ya ɗauki Mushe ba. Agali ya ja rawaninsa har gindin ido, bai sake yi masa magana ba. Daga nan duk zancen da ke tsakaninsu ta bakina yake bi, ni kuwa abin ya yi mini daɗi, ga ni tafinta. Tsarinmu kuma ɗaya ne. In ruwa ya yi ƙasa, Agali ya kwashi raƙuma da salkuna da safe ya tafi wani tafki a cikin duwatsu, washegari kafin rana ta faɗi ya dawo. Sau uku ana haka.

A zango na huɗu muka tarar da raƙumin dawa a jikin dutse. Tsawonsa ya yi mutum uku, sai da muka tara akwatuna muka yi matakala. Kowane ɗigon jikinsa an sassaƙa shi daban, kowanne kuma sai ya sha ruwa. Mun gama ƙafafu da gangar jiki, saura wuya da kai, ruwa ya yi ƙasa. Da yamma wata tsohuwa mai awaki ta biyo ta kwarin, suka daɗe suna magana da Agali da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Ashe gaya masa take yi tafkin nan ya ƙafe, sai wata rijiya mai nisan kwana biyu.

Da safe ya ɗaure salkuna, ya kira ni. Mushe yana can saman akwatuna da allinsa.

"Ɗan Ingilishi, garwa nawa ya rage?"

"Uku cif."

"Ya isa, in kun yi hankali. Ni sai citta." Ya ɗaga mini yatsu huɗu.

Ku da kuka sha Hausa a nono kun riga kun gane. Ni kuwa ƙidayata ta kwana a jibi ta tsaya. Gobe, jibi, in ya wuce haka sai mu ce kwana kaza. Citta ɗaya na sani, wadda muke nomawa, mu ƙanƙare, mu shanya a kan falalen dutse, mai yatsu ma ake ce mata. Kunnena ya ji kalmar ta ɗan karkace, ba yadda yake faɗinta kullum da safe ba. Na ce a raina, Hausar Buzu ke nan. Na ruga na buɗe jaka, na zaɓo masa yatsu huɗu masu kyau na damƙa masa. Ya dube su, ya yi dariya har rawaninsa na rawa.

"Ɗaya-ɗaya ke nan," ya ce. "Kai mutumin kirki ne."

Na kwaikwayi dariyar tasa, ya kaɗa raƙuma ya tafi.

Mushe ya leƙo daga sama. "Agali, yaushe?"

"Gobe, Mushe, kamar kullum."

"Dilo?"

"Akwai. Garwa biyu na aiki, ɗaya tamu."

Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Wunin nan da safiyar washegari muka ba wuyan raƙumin dawa garwa biyu. Daga ta ukun muka sha, na dafa shinkafa, Mushe ya yi aski, ni kuma, hali zanen dutse, har safarsa na wanke. Da rana ta yi sanyi na hau kan dutse ina duban hanya, na ma ɗora butar shayi. Rana ta faɗi ba kowa. Na ce wataƙila raƙumi ne ya yi gardama.

Jibi ta waye, ba Agali. Na leƙa garwa, na ga ƙasanta yana kallona. Hantsi ya yi, rana ta take. Muka shige ƙarƙashin wani dutse mai baki kamar rumfa, shi ma da shanu a sassaƙe a jikinsa. Ina kwance ina juya maganarsa a kunne, yadda na saba juya muryoyin mutane, ina neman inda ya ce gobe. Bai ce ba. Ni sai citta. Na sake jin karkacewar nan. Sai kunnena ya jawo mini wata murya tun ta shekaru, ta wani tsoho Bakano mai goro a bakin tasharmu, yana gaya wa mai saye ranar da sabon goro zai sauka, yana lanƙwasa yatsu: "Ba gobe ba, ba jibi ba, ba gata ba, sai citta." Da wannan muryar, sak. Na ɗaga hannuna na lanƙwasa nawa yatsun. Huɗu. Ɗaya-ɗaya ke nan. Kwana huɗu yake nufi.

Na so in yi shiru. Wa zai sani? In mun mutu an ce Buzu ya gudu. Amma Mushe yana shirin tashi ya haɗa gahawarsa ta yamma, shi ne na rarrafa na durƙusa gabansa na faɗa masa. Da ƙyar ya gane. Ya sa na faɗi kalmomin biyu, na faɗa, ya ce in sake, na sake. Ya ce, "Iri ɗaya." Na ce, "Ba iri ɗaya ba ne, Mushe, kuma na ji." Na jira mari. Bai zo ba. Ya ɗauko kofinsa na ƙarfe ya auna abin da ya rage, kofi bakwai da ɗan guntu. Ya ja layi bakwai da alli a dutse. Ya cika ɗaya ya sha rabi, ya miƙo mini rabi. Shekarata goma sha ina wanke kofin Turawa, ranar na fara sa bakina a inda ɗayansu ya sa nasa.

Ran gata da tsakar rana ya goge layi na bakwai. Muka fasa gwangwanin madara ɗaya da ya rage, muka tsotse ruwan gwangwanin wake. Kifin gwangwani muka ture shi nesa, gishiri ne. Na matse soso, ya bushe kamar ƙashi. Na rarrafa gindin raƙumin dawan, inda ruwan wanki ya gangara, na yi ta tono da murfin tukunya har hannuna ya shige zuwa kafaɗa. Yashin yana da ɗan sanyi, shi ke nan. Na ƙulle shi a hankici na tsotsa, ƙasa kawai ta cika mini baki. Na ɗaga kai na dubi dabbar nan da ta shanye mana garwa biyu tana tsaye fes, ba abin da ya dame ta. Na zage ta da yarenmu, zagin da ban yi ba tun da aka yi mini baftisma.

Ƙishirwa ba a maƙogwaro take tsayawa ba. Harshena ya kumbura ya cika bakin, ni da ban taɓa rasa abin faɗi ba. Fitsari ya ɗauke. Kunnen nan nawa kuma ya juya mini baya, ya shiga kawo mini gida. Ina jin ruwan gangaren Matsirga na wajen garinmu yana zubowa a bayan dutsen da na jingina. Ina jin ruwan sama a kan kwanon tasha. Ina jin taɓaryar Saratu tana surfen acca, har da ɗan tarin da take yi in ƙaiƙayi ya shige ta. Sai in zabura in waiwaya, ba komai sai baƙin dutse.

Mushe ya fi ni shan wuya, fatarsa ba ta rana ba ce. Wajen la'asar ya fara magana da shanun jikin dutse, yana kora su. Can ya miƙe ya ce zai bi sawun raƙuma. Na san in ya fita inuwar nan ba zai kai dutse na gaba ba. Na kama ƙafarsa, ya faɗi, ba nauyi kamar buhun ƙaiƙayi. Na jawo igiyar shanyata na ɗaure ƙugunsa, ɗaya bakin na ɗaura a ƙafata. Ya yi ta ja yana kirana da sunan wata mace, har ya gaji.

Na ga ya kamata in bar wa Saratu magana. Na ɗauki guntun allinsa, amma baƙaƙen da na koya a ajin coci suka watse mini, kuma wa zai karanta su a nan? Sai na samu wuri ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin shanun nan, na zana ɗakinmu da jinkarsa, na zana rumbu, na zana mace da turmi, awaki biyu, da jirgi yana hayaƙi. Awakin suka fito kamar karnuka. Ina cikin yi na ɗaga ido na ga saniyar da ke sama da ni, yadda aka bi ƙahonta a hankali, aka yi mata har ɗan tabon goshi. Wanda ya yi ta ya san ta da suna. Ban sani ba ko tana gabansa lokacin da yake yi, ko ta riga ta tafi.

Ranar citta ta waye ban iya tashi zaune ba. Addu'a ma a ƙirji take tsayawa, "Ya Yesu" kawai, ba ta kaiwa leɓe. Wani sabon tsoro ya zo. In kalma ɗaya tana da fuska biyu, me zai hana ta uku? In a wajen Buzaye citta mako ce fa? In rijiyar can ma ta ƙafe? Mushe ya daina motsi, ƙudaje na sauka a bakinsa ba ya kora. Na so in kira shi in ji ko yana nan, sunan ya maƙale mini, na kasa kiran mutum da wannan suna a wannan hali. Na ja igiya na ce, "Masta." Yatsansa ɗaya ya motsa.

Inuwa ta zagayo, ta bar ƙafafunmu a rana, ban iya janye su ba. Da na ji kukan raƙumi ban ko buɗe ido ba, na ce kunnena ne ya sake. Sai da na ji ƙarar garwa, an shure ta, ta yi kukan wofi, aka shuri ta biyu, aka shuri ta uku.

Agali bai ba mu salka ba. Ya jiƙa tsumma ya riƙa ɗiga mana a baki, ni ɗigo uku, Mushe ɗigo uku. Na kama hannunsa zan cije tsumman, ya buge ni a goshi kamar akuya. Sai da rana ta kusa faɗuwa ya yarda na kurɓi rabin kofi. Sannan ya tsuguna gabana.

"Ina ruwan?"

Na nuna raƙumin dawa.

"Ban ce maka citta ba?"

"Ai na ba ka," na ce, da muryar da ba tawa ba.

Ya dube ni. Na ga lokacin da abin ya isa gare shi, idanunsa suka canza. Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ɗan Ingilishi, in na zo garinku na ce sai gobe, me za ku ba ni? Doya?"

Na so in yi dariya, leɓena ya tsage, jini ya fito. Ya goge mini da tsumman. Ya ce shi ma da nasa, da ya sauke girman kai ya yi wa Baturen magana da kansa, da ba a kai nan ba. Ya kwance igiyar daga ƙafata, ya dubi ƙullin, ya ce wannan kam na iya.

Kwana biyu yana jinyarmu da kunun gero mai ruwa-ruwa. A safiya ta uku Mushe ya miƙe, yana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yau. Leɓunansa duk ɓawo. Na zaci wajen kayansa zai nufa mu ɗaure. Sai na ga ya buɗe akwati ya zaro takarda biyu da suka rage, ya je ya tsaya gindin raƙumin dawa yana kallon sama.

"Ishaya," ya ce. "Dilo. Kansa kaɗai ya rage. Kaɗan."

Agali yana gefe yana gyaran sirdi, bai ɗago ba, amma hannunsa ya tsaya.

Na tashi na je wajen garwar da aka cika, na zauna a kanta.

"Mushe, raƙumin dawan nan ya sha nasa."

"Kaɗan, Ishaya. Daro ɗaya."

"A'a."

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ce wa Bature a'a ba. Na gyara zama a kan garwar. Mushe ya yi ja, ya yi ta faɗa da Faransanci, ya ce tafiyar wata biyu ya yi saboda dabbar nan, ya ce zai kore ni, zai mayar da ni Kafanchan.

Na ce, "Shi nake nema, Mushe."

Sai ya juya wajen Agali, ya yi masa magana kai tsaye, karo na farko tun rigimarsu. Ya ce ya ba shi salka ɗaya. Agali ya ci gaba da jan igiyar sirdinsa, ya ce, "Ruwa a hannun mai wanki yake."

Mushe ya tsaya da takardunsa a hannu, ya dubi kan dabbar, ya dube ni. Ban tashi ba. Can ya naɗe su ya mayar cikin akwati, ya rufe, ya zauna a kai. Kafin rana ta yi zafi muka ɗaure kaya muka juya Agadas.

Takardun nan duk sun tafi ƙasarsu a jirgin ruwa, an ce an jera su a wani babban ɗaki mutane suna zuwa kallo. In akwai mai zuwa can a cikinku, ya ga raƙumin dawa na takarda mai dogon wuya ba kai, kada ya ce ɓera ne ya ci. Kan yana nan a Asben, a bushe. Ni na hana shi ruwa.